Aman Jini Ga Kyanwa Gargaɗi Ne Ga Mai Rumbu

Idan kaka ta yi a ƙasar Gwandu, aka kai gero da dawa rumbu, aka jera buhunan wake da shinkafa a ɗaki, to, ɓeraye ma sai su bar gona su biyo hatsi gida. A Maruda da ƙauyukan da ke kewaye da ita, haka kuma Kambaza da Dalijan har zuwa Kalgo, lokacin nan ne manomi da mai kanti suke neman maganin ɓera ido rufe. Lokacin nan ne kuma akan wayi gari a ga kyanwar gida, wadda waɗansu ke kira mage ko mussa, ta yi amai da jini a gindin rumbu ko bayan randa. Galibi sai a zuba ƙasa a share, a ce ƙayar kifi ce, zai wuce.

Wani lokaci yakan wuce ɗin. Amma aman jini ga kyanwa ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa alama ce ta cewa akwai guba a sake cikin gida, a wurin da kaji da awaki da yara masu rarrafe za su iya kaiwa. Saboda haka mai gida yana da aiki biyu a ranar: ya kai kyanwar wurin likitan dabbobi, ya kuma binciko abin da ta ci.

Jinin kyanwa kaɗan ne

Babbar kyanwa mai nauyin kilo 4, duk jinin jikinta wajen mililita 240 ne, watau bai cika kwalbar lemo ɗaya ba. In ta zubar da cikin babban cokali huɗu, to, ta yi hasarar kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Jinin da ba zai dami tunkiya ba yana iya kayar da kyanwa. Ban da wannan kuma, kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Ba ta nuna wahala sai abin ya ci ƙarfinta. In aka ga ta shige ƙarƙashin gado ko kusurwar rumbu ta ƙi fitowa, ta ƙi abinci, to, ciwon ya yi nisa.

Jinin yakan zo iri biyu. Akwai ja wur, sabo. Wannan daga baki ne, ko maƙogwaro, ko kuwa ciki yana zubar da shi da sauri. Akwai kuma baƙi-baƙi mai tsaki-tsaki, kamar garin gawayi da aka jiƙa. Wannan jini ne da ya daɗe a ciki har ruwan tumbi ya dafa shi. Mutane da yawa ba su gane shi da jini, sai su ce ƙasa ta ci. Kashi baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta shi ma jini ne da ya bi hanji.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi. A ɗaga leɓen kyanwar a dubi dasashinta. Na mai lafiya ja-ja ne mai haske, in aka danna shi da yatsa aka saki, launin yakan komo kafin a ƙirga biyu. In ya yi fari fat, jini ya ragu ƙwarai. In ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi, jinin ya ɓaci. Duka biyu ba na jira ba ne.

Guba ta fari: mai hana jini daskarewa

Yawancin maganin ɓera da ake sayarwa cikin leda ko kwali, mai ƙwayoyi ja ko shuɗi ko kore, ko mai kama da ɗan sabulu, irin wanda ke hana jini daskarewa ne. Asalinsa kuwa daga ciwon shanu aka samo shi. A wajen 1921 shanu suka yi ta mutuwa a Kanada da arewacin Amurka. Da an yi musu fiɗiya ko an yanke ƙaho, sai jini ya ƙi tsayawa har su faɗi. Wani likitan dabbobi, Frank Schofield, ya gano cewa harawar wata ciyawa ce da ta yi fumfuna take jawo haka. A 1933 wani manomi ya kai wa wani masani, Karl Link, na Jami'ar Wiskonsin, jinin saniyarsa cikin garwar madara, jinin yana nan ruwa tsululu bai daskare ba. Link da mataimakansa suka yi ta bincike har suka gane sinadarin a 1940. Daga gare shi aka haɗa maganin ɓera mai suna wafarin a 1948. A 1958 aka tarar da ɓeraye a Sikotlan waɗanda wafarin ba ya kashe su. Don haka a shekarun 1970 aka ƙago masu ƙarfi fiye da shi, irin su burodifakum, waɗanda ci ɗaya ya isa, kuma suna daɗewa cikin hanta.

Ga yadda yake aiki. Hanta tana bukatar bitamin K domin ta haɗa abubuwan da ke daskarar da jini. Gubar tana tare hanyar wannan bitamin. Amma jiki yana da ajiyar waɗannan abubuwa ta 'yan kwanaki, kamar yadda gida ke da sauran hatsi ko da an rufe kasuwa. Don haka kyanwa takan ci gubar yau, gobe da jibi tana wasanta lafiya lau. Sai bayan kwana 3 zuwa 5, sa'ad da ajiyar ta ƙare, jini ya fara tsiyaya. Yakan fito ta amai, ko hanci, ko fitsari. Sau da yawa ma ba ya fitowa waje, sai ya taru a ƙirji, a ga kyanwa tana haki, ta kasa tashi.

Wannan jinkiri shi ne ke ruɗin mutane. Mai gida ya sa magani ran Lahadi, kyanwa ta yi aman jini ran Alhamis, ba zai haɗa biyun ba.

Abin farin ciki, wannan guba tana da makari, watau bitamin K1. Likita yakan fara da allura, sa'an nan ya ba da na baki. Ga masu ƙarfin nan, tilas a yi ta bayarwa mako 3 zuwa 4. Kyanwa takan murmure cikin 'yan kwanaki, amma wanda ya tsai da magani don ya ga ta miƙe, jinin zai komo, gama gubar tana nan kwance a hanta.

Guba ta biyu: baƙin gari

Akwai wani gari baƙi-baƙi ko toka-toka, mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, sunansa zinki fosfaid. Shi ba ya jira. Da ya gamu da ruwan tsami na cikin tumbi sai ya saki iska mai guba. Cikin minti 15 zuwa awa 4 dabba takan fara amai, sau da yawa da jini, ga ciwon ciki, ga haki, ga makyarkyata. Ba shi da makari. Sai dai likita ya rage tsamin ciki, ya yi ƙarin ruwa, ya taimaki dabbar har abin ya fita.

A nan akwai hatsari ga mutane. Iskar da ke tashi daga aman tana iya sa wa mutum ciwon kai da jiri da wahalar numfashi. In aka ji aman yana warin tafarnuwa, a fitar da kyanwar fili, a buɗe ƙofa da taga, a kori yara, kada kowa ya sunkuya a kansa. Ƙwayar nan da ake sakawa cikin buhun wake domin ƙwari, ita ma irin wannan iska take saki. Ba a ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin kwana.

Guba ta uku: maganin mutane

A Nijeriya an saba da wata dabara: a sayi kafson ciwon gaɓoɓi mai suna Indocid, a fasa, a barbaɗa garin a kan abinci a ajiye wa ɓera. Yana kashe ɓera ne ta hanyar huda masa ciki da hanji da gyambo har jini ya ƙare. Abin da yake yi wa ɓera shi yake yi wa kyanwa, har ya taɓa mata ƙoda. Asfirin da ibufurofen da dangoginsu duk haka suke. Bitamin K ba ya amfani a nan. Maganin da ke lulluɓe gyambo da rage tsamin ciki ake bukata, tare da ƙarin ruwa.

To, ga guba uku, dukansu suna kawo aman jini, amma kowace da nata magani. Shi ya sa ledar maganin ɓera take da daraja ga likita. In ya karanta sunan, ya san inda zai dosa. In babu, sai ya yi ta lalube, lokaci kuwa yana tafiya.

Yaya kyanwa take kai ga gubar? Hanya biyu ce. Ta fari, kuma wadda ta fi yawa, ita ce abin da aka kwaɓa maganin da shi. Kyanwa ba ta damu da tsabar gero ba. Amma in aka kwaɓa da busasshen kifi, ko romon nama, ko kifin gwangwani, to, an yi mata gayya, za ta riga ɓeran zuwa. Ta biyu ita ce cin ɓeran da ya ci guba. Ɓera mai guba yakan fito fili yana tangaɗi, kama shi ba wuya. Guda ɗaya ba lalle ya kashe babbar kyanwa ba, amma wadda take cin su kullum, gubar tana taruwa a jikinta. Kuma ba dole sai a gidan aka sa maganin ba. Kyanwa ba ta san katanga ba, ɓera ma haka. A tambayi maƙwabta da masu kantin unguwa.

Waɗansu dalilai

Ba kowane aman jini ne guba ba. Ƙayar kifi da ƙashin kaza sukan yanki maƙogwaro ko ciki, balle a ƙasa irin Kebbi inda kifi ba ya yankewa a kasuwa. Kyanwa takan haɗiye zare, wani lokaci har da allura ko ƙugiya. In aka ga zare a ƙarƙashin harshe ko yana leƙowa ta dubura, kada a ja shi, gama yana iya yanka hanji kamar wuƙa. Tsutsar ciki tana sa amai, akwai kuma irin da ke shan jini a hanji, ta bar 'yan kyanwa da farin dasashi da baƙin kashi. Akwai wata annoba ta kyanwoyi da ke kama ƙanana, da zazzaɓi da amai da zawo, wani lokaci da jini. Ƙwayar cutar tana iya shekara guda a ƙasa ba ta mutu ba, amma tana da allurar rigakafi. Ga tsohuwar kyanwa kuma akwai ciwon ƙoda, da na hanta, da ƙari a ciki, da ruɓewar haƙori. Rarrabe waɗannan aikin likita ne, ba a yinsa da ido a tsakar gida.

Abubuwan da ba a yi

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kyanwoyi da yawa ba ciwon ne ke kashe su ba, taimakon ne.

Kada a ba kyanwa farasitamol, watau irin su Panadol, ko kaɗan. Hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya kashe ta. Dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura.

Kada a ɗura mata manja, ko madara, ko man gyaɗa. Ba su karya guba. Dabbar da ta galabaita kuwa, abin da aka ɗura mata yakan bi ta huhu ya shaƙe ta.

Kada a ba ta ruwan gishiri ko kanwa don ta yi amai. Gishiri mai yawa shi kansa guba ne, ciki mai gyambo kuma amai ƙara yage shi yake yi.

Kada a ba ta maganin tsutsa ko allurar shanu da awaki bisa kintace. Awon saniya mai kilo 250 ba na dabba mai kilo 4 ba ne.

Kada a ba ta abinci kafin likita ya gan ta. Abinci yana ƙara tsamin ciki, in kuwa baƙin garin nan ta ci, ƙarin tsami ƙarin guba ne. A ajiye mata ruwa mai tsabta kaɗan, in ta so ta sha da kanta.

Abubuwan da za a yi

Da fari, a ɗauki hoton aman da waya, ko a kwashi kaɗan da tsinke a ƙulle cikin leda, ba da hannu tsirara ba. Sauran a rufe da ƙasa ko toka a binne, kada kaji su tsattsage. A wanke hannu da sabulu.

Na biyu, a nemo ledar maganin ɓera, ko kwalinsa, ko ragowarsa, a ƙulle a tafi da shi.

Na uku, a lulluɓe kyanwar da tsohon zane ko tawul kafin a ɗauke ta. Dabba mai ciwo tana cizon ko da mai ita. A sa ta cikin kwando mai murfi ko kwali mai huji, a shimfiɗa tsumma. Kada a ƙulle ta cikin buhun leda, kada kuma a sa ta a but ɗin mota cikin rana. In a babur ne, wani ya riƙe kwandon, a tafi a hankali, gama jijjiga tana ƙara zubar jini.

In ta ciji wani ko ta yakushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a je asibiti a ranar. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa, kuma in ya bayyana ga mutum ba ya warkewa.

Na huɗu, a shirya amsar abin da likita zai tambaya: yaushe aman ya fara, sau nawa, wane launi, yaya kashinta da fitsarinta, wace rana aka sa maganin ɓera, da me aka kwaɓa, an ba ta wani magani a gida, akwai wata dabba da ta mutu a unguwa. A faɗi gaskiya. Likita ba alƙali ba ne, ba zai ci kowa tara ba don ya ba kyanwa Panadol, amma in ya sani da wuri akwai abin da zai iya yi.

In an ga kyanwa tana cin maganin ɓera da ido, kada a jira jini. Cikin awa biyu na fari likita yana iya fitar da gubar kafin ta shiga jiki. Wannan ya fi sauƙi, ya fi araha.

Ina za a je?

Mutumin Maruda ya fara da malamin dabbobi na sashen aikin gona na Ƙaramar Hukumar Gwandu, na Kalgo kuma ya nemi na tasa. Wanda ke yi wa shanu allura shi ne mafarin hanya. In abin ya fi ƙarfinsa, zai tura mutum asibitin dabbobi a Birnin Kebbi. Mai bukatar gwajin jini, ko hoton ciki, ko fiɗa, akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ya kamata kowane manomi ya ajiye lambar wayar malamin dabbobi tun ba a shiga wahala ba. A buga masa kafin a tashi, don a tabbata yana nan, kuma ya nemi bitamin K1 kafin a iso, gama ba kowane kanti ke ajiye shi ba. Mai sayar da maganin dabbobi a kan tabarma ran kasuwa ba likita ba ne.

Waɗansu suna jin kunyar shiga layi da kwandon kyanwa a tsakanin masu shanu da raguna. Babu abin kunya. Likitan dabbobi ya karanta ciwon kyanwa da kare kamar yadda ya karanta na saniya da doki.

Kashe ɓera ba tare da kashe mai gadi ba

Ba a ce a bar ɓera ba. Ɓera yana cin hatsi, yana huda buhu, yana ɓata abin da bai ci ba da kashi da fitsari. Ta wannan hanya ce zazzaɓin Lassa yake kama mutane, ciwon da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu. Macen ɓera takan haihu bayan wajen mako 3 da ɗaukar ciki. Yaƙi da ɓera wajibi ne, sai dai a yi shi da hankali.

A ɗora rumbu a kan duwatsu, a share ciyawa da tarkace daga gindinsa, a sare reshen da ya rufo kansa. A liƙe ramuka. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. A rufe abinci da dare. A fara da tarko kafin guba. In dole sai an sa guba, a sayi mai suna da rubutu a jiki, ba ƙullin da ba a san mene ne ba. A kwaɓa da hatsi, ba da kifi ko nama ba. A sa cikin tsohuwar tukunya da aka kife aka huda mata ƙaramar ƙofa, ko cikin guntun bututu, a danne da dutse. Ɓera zai shiga, kyanwa da kaza da hannun yaro ba za su shiga ba. A rubuta ranar da aka sa. Kowace safiya a zaga a kwashe matattun ɓeraye da shebur, a binne da zurfi ko a ƙone. Wanda aka jefar a juji, kyanwa za ta ci, mujiya da shaho ma za su ci, alhali kuwa su ma masu kama ɓera ne. Kazar da ta mutu a wurin da aka sa guba, ko aka yanka ta tana magagi, ba a cin namanta.

In yaro ne ya taɓa maganin, a kai shi asibiti nan take tare da ledar, ko da yana wasansa lafiya. Jinkirin kwanakin nan da ke ruɗin mutane game da kyanwa, haka yake ga ɗan Adam.

Kyanwar kanta a kula da ita. A ba ta abinci da ruwa, gama ƙosasshiyar kyanwa ba ta barin farauta, sai dai ta rage cin mushe. A yi mata maganin tsutsa duk wata 3 bisa awon likita. A yi wa ƙanana allurar annobar kyanwoyi suna da wajen mako 8, a maimaita bayan mako 3 ko 4. Allurar haukan kare kuwa daga wata 3 ake yi.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan kyanwa? To, ya yi lissafi. Ya ƙirga mudu nawa ɓera zai ci daga kaka zuwa bazara a rumbun da ba mai gadi, ya ƙirga buhu nawa zai huda a kanti, ya gwada da kuɗin mota da na magani. Kyanwa ma'aikaciya ce da ba ta karɓar albashi, ba ta kuma fashin dare. Dabbar da mutum ya ajiye a gidansa tana da hakki a kansa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gubar da ta kai bakin kyanwa yau, tana nan a ƙasa inda yaro ke rarrafe. Allah ya tsare gida da dukiya, ya sa albarka a abin da aka noma.